Kwamfuta Ta Ce Kifin Apenisa Ƙanana Ne

"Lafiya ƙalau, tavale. Kai ne ma ya kamata a yi wa sannu, don na ga sakamakonka."

Salanieta ce ta faɗi haka, tana zaune dirshan a kan tabarma a barandarta, kwamfuta a cinya, baki har kunne. Tun da ƙungiyar mata ta tura ta ɗan kwas a birnin Suva ta dawo, ba ta da zance sai na matsakaici da jadawali, har kajin gidan sun gaji da ji. Wanda take tsokana kuwa Apenisa ne, ɗan kawunta, taubashinta, abin da a nan tsibirin Kadavu muke kira tavale. Duk abin da ta faɗa masa sai ya haɗiye, abin da ta gani a hannunsa kuma in ta ɗauka ta ɗauka ke nan. Ya ajiye kwandon kifi a matakala, wandonsa yana ɗigar ruwa.

Murnar tata tana da dalili. Mata ne suka matsa aka rufe wani yanki na teku, aka kafa gora a iyakarsa, aka hana jefa ƙugiya a ciki, a cewarsu kifi zai girma a can ya riƙa fitowa waje. Gobe dattawa za su zauna, maza suna so a buɗe, kuma bakin Apenisa ya fi na kowa tsawo a maganar. Salanieta ta daɗe tana auna kifin kowa a bakin ruwa don ta je taron da hujja, yau ne kuma ta fara haɗa awon.

"Wane sakamako?" in ji Apenisa. "Ke da ko lambar wayarki ba ki haddace ba."

"Zo ka ga ikon Allah. Na zuba tsawon kifin kowa a 'yan gidajen nan, na ce ta ba ni matsakaici, kafin in ƙifta ido ta bayar. Na danna nan, sai ga zane. Kowane masunci da ginshiƙinsa. Da hannuna na yi, tavale, ba wanda ya taya ni."

Ya leƙa. "To, wannan dogon ne nawa."

"Na tsoho Ilaitia ne, wanda sai an tallafe shi yake shiga kwale-kwale."

"Na kusa da shi fa?"

"Na fasto ne, mai fita ranar Asabar kawai."

"Ina nawa?"

"Sunkuya. Ƙara sunkuyawa. Ka ga ɗan guntun nan da ya tsugunna a ƙarshe?"

Apenisa ya sa yatsa ya goga gilashin. "Wannan ai datti ne."

"Dattin ne ke da sunanka a ƙasa?"

"Ni? Ni da na taɓa kama kifin da ya ja ni har ƙasar Tonga, na sha shayi a can na dawo?"

"Na san kifin. A murfin gwangwani na soya shi, har da sauran wuri."

"An cuce ki a Suva. Sun ga baƙauyiya ta sauko daga jirgi tana kalle-kalle, suka miƙa mata akwatin ƙarya."

"Malamarmu ta ce na'ura ba ta ƙarya, abin da ka zuba mata take dafawa."

"To yi ta dariya." Ya gyara zama yana murmushin mugunta. "A ina nake jefa ƙugiya?"

"Jikin gora."

"Ni kaɗai. Kun ce a nan manya za su riƙa fitowa. In nawa ne ƙanana, gobe me za ki faɗa wa dattawa?"

Dariyar Salanieta ta tsaya cak. Daɗin zanen farko ya rufe mata ido, ba ta lura da kanta ta soki maganar mata ba. Apenisa ya kamata ya yi murna, ga nasara ta zo masa har gida, amma idonsa ya kasa barin ɗan guntun nan.

"Wannan abin za ki nuna a taro? Da sunana a jiki?"

"A bango ma, kowa ya gani. Ba na ɓoye lamba don ba ta yi mini daɗi ba." Ta ja numfashi. "Amma an koya mana, in lamba ta ba ka mamaki, ka bi sawunta ka ga yadda ta shigo. Bari in tuna. Kana isowa, sai in shiga ruwa in tare ka, sai in..."

"Sai ki me?"

"Sai in gaishe ka."

"Da hannu a cikin kwandona."

"Ai gaisuwar tavale ke nan."

"Wanne kike ɗauka?"

Ta ce a hankali, "Babban."

"Daga nan fa?"

"Sai in kai madafa, in dawo da katakon awo."

"Na Ilaitia ma kina ɗauka?"

"Ina ni ina kayan Ilaitia? Tavale ɗina ne?"

Apenisa ya miƙe ya ɗora hannu a ka. "Jama'ar gari ku fito. Ga matar da ta cinye mutuncina da madarar kwakwa, ta suɗe hannu, sannan ta auna 'yan ragowar ta ce ban iya ba."

"Zauna, kana jiƙa mini tabarma. Wallahi wannan shi ne darasin da muka yi, samfurin da aka cire masa manya. Ban taɓa zaton ni ce mai cirewar ba." Ta zabura ta jawo wayarta. "Tsaya. Hotuna."

Ashe duk kifin da ta ƙwace sai ta shimfiɗa shi a kan murfin kula ta ɗauki hoto, ta tura zauren dangi da rubutun "Na gode, bawana". Abin da ya daɗe yana ƙona wa Apenisa rai ke nan. Yanzu shi ne ya ruga ya ɗauko murfin, ya riƙe tana aunawa. Suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana gwada kowane kifi da tsawon murfin, tana shigarwa, tana shafa wa gidan launin ɗorawa don ta gaya wa dattawa wannan ƙiyasi ne.

Ginshiƙin ya fara tashi.

"Ya motsa," in ji Apenisa. "Ƙara, ƙara. Na kamo fasto. Fasto, a yi mana addu'a, mun wuce."

"Saura hoto ɗaya."

Ta danna. Ginshiƙin ya tsere wa na Ilaitia ya tsaya shi kaɗai a sama. Apenisa ya buga ihu, ya taka rawa har katakon baranda yana ƙara. Salanieta ta bar shi ya gama.

"Barka, sarkin masunta. Yanzu faɗa mini, me ya sa kifin jikin gora ya fi na kowa?"

"Saboda ni ne."

"Haka za ka faɗa wa dattawa, su da suka san ka tun kana tsoron ƙaguwa? To zaɓi. In cire masu launin ɗorawan nan ka koma guntu a buɗe teku, ko in bar ka dogo a bar mana shi a rufe?"

Apenisa ya dubi zanen, ya dubi teku, ya sake duban zanen. Sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa.

"Muguwa. Bar ni dogo."

Ya jawo kwandon, ya zaro babban cikinsu da hannunsa ya ɗora mata a kan katakon awo.

"Ungo. Amma auna tukuna, sannan ki hura wuta."