Dangwalen Mai Unguwa a Kan Wayata

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon irin gyaɗa a Beli ba, ko da na so in manta, don har yau akwai shuɗin tabo a rigar wayata da ya ƙi fita.

A lokacin ban daɗe da kama aiki da wata ƙungiyar manoma a Karaye ba, ni ne mai kula da kwamfuta. Abin da na tarar a ofis wata tsohuwar sabar ce, wato babbar kwamfutar ajiye bayanai, mai baƙin allo da koren rubutu, wadda nake kyautata zaton ta girme ni. Sunayen manoma kaf suna cikinta, kuma ba ta magana da kowa a duniya sai wata firinta mai allura, irin mai cin faffaɗar takardar nan mai huji a gefe. In ta fara aiki sai ka rantse injin niƙa aka tayar a ofis. Tun ranar farko na tsani firintar nan.

Sai na yi dabara. Na saka wata manhaja mai yaudarar sabar: ita tana zaton takarda take bugawa, alhali PDF, wato shafin da ake karantawa a allo, ne ke fitowa ya faɗo cikin wayata. Ranar da abin ya yi aiki har rawa na taka ni kaɗai (ashe ana kallona ta taga, amma bari in bar wannan). Na wuce wajen manajanmu, Alhaji Garba, ina hura hanci.

"Ranka ya daɗe, zamanin takarda ya wuce. Komai yanzu a waya yake."

"To, Injiniya, kai ka san aikinka," in ji shi. "Ni dai kada a samu matsala ranar rabo."

Ni ba injiniya ba ne, amma ban gyara masa ba. Da hannuna na ciccibi firintar na kai sito, na jibga mata tsofaffin buhuna.

Ruwan shuka ya sauka, washegari da sassafe muka lodi iri muka nufi Beli. Manoma sun cika ƙofar gidan Mai unguwa, kowa yana so ya karɓa ya wuce gona tun ƙasa da danshinta. Dokar ƙungiya kuwa ita ce ba a ba mutum iri sai ya dangwala yatsa a gaban sunansa, kuma Mai unguwa ne ke farawa. Na san wannan doka. Wallahi na san ta. Kawai dai ban taɓa haɗa ta da PDF a kaina ba.

Bayan an gama gaisawa, Mai unguwa, dattijo mai natsuwa, ya buɗe 'yar gwangwanin tawada ya dube ni.

"Ɗana, ina takardar?"

Na durƙusa na miƙa masa waya, na ja sunansa ya yi girma. "Baba, ga ta. Yanzu a nan take zaune."

Ya dubi wayar, ya yi bismillah, ya tsoma babban yatsa a tawada ya danna a kan gilashin. Bai tsaya nan ba, har murza shi ya yi dama da hagu don ya fito sosai. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin bakina ya buɗe, wayata ta fara zagaya layi, kowa na neman inda ba a taɓa ba.

Alhaji Garba ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Injiniya, wayar za mu ajiye a fayil?"

Na ƙwato abata na haye babur sai cikin garin Rogo, wani shagon kwamfuta. Aka buga mini PDF ɗin a ƙaramar takardar zamani. Abin haushi, shafin da aka tsara wa faffaɗar takarda sai ya ƙanƙance, sunaye suka koma kamar tururuwa. Haka na dawo da shi ina gumi. Mai unguwa ya sa tabarau, ya sake dangwalawa, ya ɗaga yatsa ya duba, sai ga tawada ta rufe sunaye barkatai.

"Ɗana, ai na karɓar wa rabin unguwa."

Aka fashe da dariya, amma ba kowa ba. Wani manomi daga baya ya ɗaga murya: "Malam, rana fa tana yi! Gonar ce za ta jira wayarka?" Wannan ta fi dariyar ciwo, don gaskiya ya faɗa.

Babu yadda na iya, na sake hawa babur har Karaye. Na yaye buhuna, na kakkaɓe kashin ɓera, na mayar da firintar mazauninta ina lallashinta kamar kakata. Da ta fara ƙarar nan tata, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba, kuma hakan ma haushi ya ba ni. Sai bayan la'asar na koma Beli da takarda. Aka yi rabo, amma shukar ranar ta wuce mutane, kuma ni na jawo.

Har yanzu ina nan a aikin, PDF ɗin ma yana nan, muna tura wa babban ofis kwafi da shi. Firintar kuwa ni ke goge mata ƙura kowace safiya. A Beli babu mai kirana da sunana, sai Injiniya Dangwale. Abin da na koya shi ne, kafin ka kori takarda daga ofis, fara tambaya wa ke sa mata yatsa.