Ranar da na cika roka da ruwa

Shekara ashirin ina gyaran taya a Sabon Gari, amma wai ƙanena Mushe Sani, malamin makaranta, zai koya mini aikin iska, don shi aka bari ya ƙare lakwal, wato boko. Ya zo fadarmu ta hira da butalin roba, irin gorar ruwan nan, da toshiya, ya ce roka ce.

"Yaya, ruwa kashi ɗaya cikin uku kawai. Iskar da aka matse ita ke tunkuɗa ruwan ƙasa, butali ya yi sama."

Na ce, "Mota ma da tanki cike take zuwa Yamai. Kauce!"

Na cika shi maƙil, na kifa, na kama famfon iska. Na ce a dubi sama, sai a garin Jiratawa za a tsinto shi. Kowa ya ɗaga kai, har mai shayi.

Bugu uku toshiya ta fice, ashe iska ba ta samu wuri ba. Rokata ta yi tsalle iya gwiwa, ta kwanta, ta juye mini ruwan a wando. Da Sani ya gwada tasa kuwa, ta wuce bishiyar bedi, wato darbejiya.

Har yau in jirgi ya gitta sai 'yan fada su miƙe, su ce mini: "Kaftin, ga butalinka ya dawo!"