Rasuwar Mai Rawa, Injin Juya Jini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba hawaye, don na wuce shekarun kuka, ni mai wankin kwalabe na ɗakin gwaji da ke hawa na biyu nake sanar da rasuwar abokin aikina, injin juya jini, wanda aka fi sani da Mai Rawa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara talatin da ɗaya a bakin aiki.

Ga wanda bai san shi ba: a ɗakinmu ana binciken ciwon daji. Masana suna neman wani abu a jinin mutum mai suna furotin, wanda suke fatan ya tona asirin ciwon tun bai yi ƙarfi ba. Ni ban taɓa ganinsa ba. Na dai san sai an zuba jinin a 'yan kwalabe, marigayi ya juya su da gudu, sannan a raba abin. Ciwon nan ne ya ɗauke uwar 'ya'yana. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Marigayi ba shi da ƙiwuya. Aibinsa ɗaya ne: da an kunna shi sai ya kama tafiya a kan tebur. Yakan fara da "hmmm", ya koma "gar-gar-gar", ya nufi gefe. An ɗaure shi da igiya, ya tsinka. An ɗora masa bulo, ya yar. An gwada masa ɗalibai masu digiri, ya raina su. Hannuna kaɗai yake ji: tafi ɗaya a kan murfi ta hagu, ba a danna ba, ba a saki ba, minti ashirin. Da aka koma kwalaben roba da ake yarwa, wankina ya ƙare. Albarkacin marigayi aka bar ni.

Bai yi jinya ba. Masu ba da tallafi ne suka zo, su huɗu, don su ga ko mun cancanci sabbin kayan aiki. Farfesa, shugabar ɗakin, ta ce a kunna. Na ɗora hannu. Marigayi ya yi aiki lami lafiya, don yana da kunyar baƙi. Babbansu ya gyaɗa kai, ya ce ai wannan da sauransa. Farfesa ta matso kusa da kunnena.

"Baba, ɗaga hannunka."

"Ranki ya daɗe, zai tafi."

"Na sani, Baba. Ɗaga."

Na ɗaga. Ya yi rawarsa ya wuce ma'auni, ya ɗan dakata a bakin tebur kamar mai jirana, ya faɗi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwal". Da na zo shara na tarar ruwa ne a kwalaben, ba jinin kowa ba. Ashe da shiri. Kafin yamma baƙi sun sa hannu a takarda.

Ya bar firji mai tari, da madubin ganin ƙwayoyi mai ido ɗaya, da ɗalibai goma sha huɗu da suka yi digiri a kansa, ba wanda ya ambace shi a godiya. Ya bar ni. Magajinsa zai iso wata mai zuwa. An ce ba ya motsi, ba ya ƙara, ba ya buƙatar kowa. Allah ya sa ya gano furotin ɗin. Da gaske nake.

Za a raka shi ranar Asabar da safe zuwa bayan gini, wajen tarin tsoffin kujeru. Mai gadi zai kama gefe ɗaya. Ɗan gwangwan mai sayen tsoffin ƙarafa kada ya kuskura ya zo da sikelinsa. Farfesa tana iya zuwa, na yafe mata. Ta ce za mu yi magana ƙarshen wata, kuma na san irin maganar.

Ana karɓar ta'aziyya a kan bencina, bakin ƙofa, har zuwa ranar maganar. Wanda ya san wani ɗakin gwaji da ke da tsohon inji mai yawo a kan tebur, ya faɗa mini. Ba aiki nake roƙo ba. Injin nake tausayi.