Jirgin Lurwanu a Rukunin Masu Fiffike

Wanda ya je baje kolin Madawa na 1983 bai ga Lurwanu ba, albasa kawai ya je kallo. Wata huɗu bawan Allahn nan ya yi yana gadin kanti a Abijan, ya dawo da baƙin tabarau, da hular matuƙa, da jirgin sama mai tsawon kamu biyu, wanda ake tuƙawa daga ƙasa da wani akwati mai eriya. Tun ranar ya soke sunansa na yanka. Kwamandan Sama ake ce masa, har gyatumarsa.

Jirgi ɗaya gare shi, sauran hajarsa hotuna ne cikin littafi. Abin da yake nema shi ne takardar yabo ta ɗaya daga hannun sufurefe, shugaban gundumar. In ya liƙa ta a rumfa, ya ce, duk alhazan Adar sai sun yi layi.

Sai dai rajistar gasar rukuni huɗu gare ta: albasa, tabarmi, masu ƙaho, masu fiffike. Malam Mamman akawu ya ƙirga fukafukai, ya samu biyu, ya rubuta jirgin lamba uku, bayan zabuwar Kulu da zakaran Jima.

Kwamanda bai damu ba. Ya hau benci.

"Jama'a, kun daɗe kuna kallon ƙasa. Ni na zo in ɗaga muku kai! Wanga jirgi, ko a Faransa sai an wanke hannu a taɓa shi."

Likitan dabbobi, shugaban alƙalai, ya ɗaga wutsiyar jirgin ya leƙa. "Yana ƙwai?"

"Mushe," in ji Kwamanda da Faransancinsa na Abijan, "kimiyya ba ta ƙwai."

Aka ba shi sifiri.

Gwajin ƙarshe shi ne a saki kowane, a ga mai dawowa wurin ubangidansa. Zakara ya ƙi motsi. Zabuwa ta tashi, Kulu ta watsa gero, ta sauko. Jirgi kuwa ya tashi, wallahi ya tashi, mata na guɗa. Daidai nan mai hoto ya iso. Kwamanda ya juya wa jirginsa baya, ya gyara hula, ya saki akwatin don ya sara wa tarihi. Hoto uku aka ɗauka, domin na farko ya ce ya yi ƙifta. Da ya waiwaya, sama ba kowa.

"Ya tafi gaida talakawan karkara," in ji shi. "Zai dawo."

A gonar albasa ya sauka, gefen ƙauyen Azarori. Mai gonar ya bi ƙa'idar dabbar da ta yi ɓarna, ya kai shi gidan maigari. Can Kwamanda ya iske shi rana ta uku, ɗaure a turke tsakanin jaki da akuya, an ajiye masa dusa da kaskon ruwa. Akuyar ta cinye rabin fiffike.

"Kai ne mai tsuntsun?" in ji Maigari Tsoho. "Ka ji tsoron Allah, yaro. Kwana uku bai ci ba, bai sha ba. Dubi ramarsa, duk ƙashi. Ko ni ne sai in gudu."

Malam Mamman dai ba ya tauye haƙƙin kowa. Cikin uku, jirgi ya zo na uku, kuma na uku yana da kyauta. Ya kira Kwamandan Sama ofis, ya sa ya sa hannu, ya miƙa masa akurki.