Gurasar Gindin Mangwaro

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da kwaɗayi ya kusa raba ni da aurena ba. Lokacin an sa mini rana da Hadiza, 'yar Bunkure, biki saura ƙiris.

Ni da abokaina na sakandare muna da wata al'ada. Duk rani sai mu tako a ƙasa daga Kura, mu bi bakin kanal ɗin ruwan noman rani muna ratsa gonakin alkama da tumatir. Wai motsa jiki. (Ƙarya ce, gurasa muke bi.) Duk inda muka ga mai gurasa sai mu tsaya a haɗa mana da ƙuli da albasa, a ci, a ba da maki. Ni ne alƙali, don na fi kowa baki.

Rannan mun ci a wuri biyu, duk na kushe. Rana ta take muka iso wata gona ana yankan alkama, ga wani dattijo da malfa a gindin mangwaro yana raba wa ma'aikata gurasa. Muka yi sallama, ya ce, "Bismillah samari, ku matso. Ai ba a wuce abinci."

Abokaina suna ta noƙewa, ni kuwa har na naɗe hannun riga. Wallahi ban taɓa cin irinta ba, ga laushi, ga mai ya ratsa ta. Na ci, na ƙara, na suɗe yatsu, har ƙulin gindin tire sai da na tattare. Bakina cike na ce, "Baba, wannan goma bisa goma! Da ba a sa mini rana ba, wadda ta gasa ta zan aura."

Dattijon ya yi murmushi kawai. Sai idona ya sauka a ƙafarsa. Ranar da aka kai ni gaishe da mahaifin Hadiza, kaina a sunkuye yake har muka fito. Ban ga fuskarsa ba, wani tabo a idon sawunsa kaɗai na sani. To ga tabon nan a gabana.

Ashe surukina ne! Mu da ko ruwa ba ma sha a gaban suruki, ga ni da mai har gwiwar hannu! A raina na ce shi ke nan, aure ya bi ruwa.

Sai ya miƙe a hankali, ya juya mini baya, ya fuskanci gona. Ya ce da na kusa da ni, "Gaya wa abokin naka ya ƙarasa a natse. Ni alkamata nake kallo, ban ga kowa ba." Haka ya tsaya cikin rana har muka bar wurin. Ban san sanda hawaye ya cika mini ido ba, kuma tun ranar nake ƙaunar bawan Allahn nan.

Washegari Hadiza ta kira ni, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "An ce in gaya maka mai gurasar tana da miji, su Inna an daɗe da shiga daga ciki. Sai dai ka yi haƙuri da 'yarta."

An yi biki lafiya, kuma har yau surukin nawa bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ni dai na ɗauki darasi: gaisuwa da sunkuyar da kai ladabi ce, amma a riƙa ɗan ɗagowa ana ganin fuska.