Kwalabe Arba'in na Dokta Bayan Dokta

Allah ya albarkaci Nariya da gero da albasa, sannan ya cika mata ni'ima da Dokta Ramalan. Wasu garuruwan dokta kawai gare su. Namu ya gama dokta ya zarce, yana wani aiki a ƙasar waje wai shi fosdok, wanda ya ce mana mataki ne da mutum yake hawa idan karatu ya ƙare amma shi bai ƙare ba. Ranar muka raɗa masa Dokta Bayan Dokta. Ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce.

Abin da bai faɗa a majalisa ba shi ne aikin na shekara biyu ne, kuma saura wata guda ya ƙare. Farfesar da yake ƙarƙashinta ta ce ko ya kawo jinin tsofaffi arba'in da bayanan danginsu, ko ya nemi wani wurin. Wannan ne ya tuna masa yana da gari, bayan shekara goma sha ɗaya.

Ya sauko daga motar Kibiya sanye da kwat a tsakiyar bazara, kwamfuta a kafaɗa, kula mai ƙanƙara a hannu. Kawunsa Murtala ya tarye shi da murna, shi kuwa ya dube shi ya ce, "Sannu Malam, wa ke nan?" Ba mu ga laifinsa ba. Kan da aka cika da ilimi har wuya, ina za a cusa kawu?

Washegari ya tara dattawa a ƙofar gidan mai unguwa.

"Jama'a, ni masanin mantuwa ne," in ji shi. "A cikin jininku akwai wasu sinadarai, furotin, dubbai. Ina karanta su a kwamfuta kamar yadda kuke karanta allo, in gane wanda zai ruɗe idan ya tsufa, domin abin gado ne. A duk Afirka ta Yamma mu uku muka iya, kuma sauran biyun ni suke tambaya."

Sai gwajin ƙwaƙwalwa, da takardar tambayoyin da ya taho da ita daga can. Aka zo kan Iya Fanta, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin garin, har da tasa. Ya tambaye ta nawa ga wata. Ta ce sha huɗu ga Sha'aban, jibi kasuwar Kibiya. Ya duba agogonsa bai ga Sha'aban ba, ya ja mata jan biro. Ya ce shekararta nawa. Ta ce an haife ta shekarar da fara ta cinye dawa. Jan biro. Ya ba ta takarda ta zana agogo. Ta ce ita da inuwar katanga take sanin azahar, amma don kada ransa ya ɓaci ta zana masa faifai mai kyau, har da ado a baki. Da yamma ya sanar cewa talatin da bakwai cikin arba'in sun ruɗe, Iya Fanta ce kan gaba, kuma rahotonsa zai girgiza duniya.

Ranar ɗibar jini ya so ya kira suna bisa jerin haruffa. Dattawa suka ƙi motsi. A Nariya ƙani ba ya shiga gaban wansa, ko layin allura ne. Aka shafe sa'a guda ana "Bismillah, kai ne babba", "A'a, kwana tara ka ba ni", har Iya Fanta ta tashi ta jera kowa a gurbinsa, maza sannan mata. Dokta ya yi tsaki, ya ce irin wannan ce ta hana mu ci gaba.

A jikin kwalabe lamba kawai ya rubuta, ɗaya zuwa arba'in bisa yadda suka jeru, wai sirri ne na kimiyya. Sunan mai kowace lamba yana cikin wani ɗan jan littafi. Kawu Murtala ya ba shi shawara ya kwafa a wani wurin.

"Kawu, ni ba na mantuwa," ya ce. "Nazarinta nake yi."

Kashegari ya tafi Rano sayen ƙanƙara. Ya dawo da ƙanƙara, babu littafi. Ko a mota ya bar shi, ko wurin mai ƙanƙara, ko wurin mai tsire, bai sani ba. Kwana uku yana zarya tasha-tasha. Jini arba'in ba suna, ai jan ruwa ne kawai, kuma ɓatan littafin ya tafi da kwantiragin aikinsa. Rana ta huɗu muka same shi zaune a kan kular, ba kwat, idanu jajir. Wallahi sai da ya ba ni tausayi, ni da na fi kowa dariya.

Iya Fanta ta zo wucewa, aka gaya mata. Ta ce, "Au, layin ne ya ɓace masa? Ɗauko biro, ɗan nan." Ta fara: na ɗaya Malam Munzali, na biyu Alhaji Ishiyaku, haka har arba'in, kowa da uwarsa da ubansa da wanda ya haifi uban, abin da Farfesa take nema tun farko. Masanin mantuwa yana durƙushe yana rubutawa a bayan takardar siminti.

Yana gamawa ya miƙe, ya mayar da kwat, murya ta dawo. "Wannan ya tabbatar da ingancin tsarin da na shimfiɗa. Iya, tambaya ta ƙarshe, don bincike. A saninki akwai gidan da mantuwa take bin jininsu a garin nan?"

"Gida ɗaya ne," ta ce. "Kakanka Bello ya je kasuwar Kibiya a kan jaki, ya dawo a ƙasa, sai da ya kwana ya tuna. Ubanka kuwa ranar sunanka ya manta sunan, ni na aika aka gaya masa. In akwai sauran kwalba, ɗan nan, miƙa hannunka."