Yadda Ake Cin Sandar Zakaran Kadet Ba Tare da An Motsa Ba

Idan kai ɗan ƙungiyar kadet ne, wato samarin nan da ake koya wa aikin soja ranakun Asabar a filin bayan makaranta, kuma ranka ya biya da sandar nan mai kan azurfa da ake miƙa wa zakaran shekara ranar faretin yaye, to zauna ka karanta. A'a, kar ka zauna, za ka ɓata karin wando. Karanta a tsaye. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na tsara su, sandar taka ce, tare da abin da ke biye da ita: wanda ya ci sanda shi kaɗai ƙungiya ke turawa makarantar hafsoshi. Sauran a tafa musu, su koma gida da ƙunar rana a wuya.

Hanyar ba zato ba ce. An gwada ta a kan wani saurayi da abokansa ke kira Sitaci, kuma ta yi aiki. Duk inda bayani ya yi maka nauyi, zan nuna maka yadda shi ya yi.

Mataki na 1: Gane abin da ake aunawa

Sabon shiga yana zaton jarumi ake nema. Sai ya riƙa sammako, yana gudu, yana hawa igiya, yana rarrafe cikin taɓo, yana koyon karatun taswira da ɗaure karaya. Duk asarar gumi ce. Babban baƙon da zai zaɓi zakara wani kanar ne mai ritaya, kuma bai taɓa ganinka cikin taɓo ba. Ranar fareti kawai zai zo, ya sauko daga mota, ya bi sahu yana duban ƙyallin takalmi da karin wando da wanda ya iya ƙamewa. Saje, tsohon sojan da ke horar da ku, zai raɗa masa mutum biyu da suka fi fice, shi kuma ya ɗauki wanda ya fi cika masa ido.

Saboda haka ka shiga bakin Saje, ka cika idon kanar. Taswira ka bar wa masu niyyar ɓacewa a daji.

Mataki na 2: Nemi dogon aboki mai kunya

A kowane fareti akwai mutum guda da ake kafawa a ƙarshen sahun gaba ta dama, kowa ya daidaita kafaɗarsa da tasa. Dogo ake zaɓa, wanda ƙafarsa ba ta kuskure. A ƙungiyar su Sitaci, Turke ake ce masa. Shi ne ya fi kowa gudu, ya fi kowa shiru, kuma babansa mai wanki da guga ne. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau.

Ka tsaya a gefen irin wannan mutum. In tsayinka bai kai ba, yi yadda Sitaci ya yi: kwali ya yanka ya shimfiɗa cikin takalmi. Wanda ke jikin turke ba ya karkacewa daga layi, kuma daga nan baƙo ke fara duba sahu, tun idonsa bai gaji ba.

Daga nan sai yabo. Kada ka roƙa, roƙo na masu rauni ne.

"Turke, wallahi hannunka daban ne," in ji Sitaci wata Asabar, yana shafa hannun rigar abokinsa. "Ni in na yi guga, sai ka rantse akuya ce ta kwana a kan wandon."

Turke ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Kawo in haɗa da nawa. Ai wuta ɗaya ce."

Wannan jimlar ita ce tubalin nasararka. Da zarar ta fito daga bakin mutum sau ɗaya, kunya ba za ta bar shi ya janye ta ba har ƙarshen shekara.

Mataki na 3: Ɗauki abin da ake gani, ka bar abin da ake ji a baya

Za a fita da ku doguwar tafiya bayan gari, kowa da jaka cike da yashi. Kafin a tashi Saje zai tambaya, "Wa zai riƙe tuta?" Kada ka bari ya rufe baki.

"Ni, Saje."

Mai tuta ba ya ɗaukar jaka, don hannuwansa biyu na aiki. Jakarsa kuwa dole wani ya ɗauka, domin ba a barin kayan ƙungiya a fili. Ka waiwaya ka dubi abokinka da fuskar mai jin nauyi. Turke ya yi tafiyar nan da jaka a baya da jaka a gaba, ya yi kama da raƙumin fatake. A hoton da aka manna a ofishin ƙungiya, Sitaci ne a gaba, tuta na kaɗawa bisa kansa. Ana ganin gwiwar hannun Turke a gefe, in an lura.

Ka kuma gyara murya. Wanda ya yi aiki ya amsa a hankali, bai yi ba. Wanda bai yi ba ya amsa har tsuntsaye suka tashi, ya yi.

Mataki na 4: Samo sirrin tsayuwa, ka adana shi

Babban abokin gabar ɗan fareti ba Saje ba ne, rana ce. Ana ƙamewa a jira baƙo, a jira jawabi, a jira mai godiya ya gode wa mai jawabi, kuma kowace shekara sai wani ya yanke jiki ya faɗi. Wanda ya faɗi ya fita daga lissafin sanda.

Nemi tsohon soja a danginku. Sitaci yana da kawu wanda ya tsufa yana kaɗa ganga a badujala, ya sha tsayuwar da ta fi wannan. Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran rediyo.

"Kai ɗan nan, ba ƙarfi ke tsayar da mutum ba," in ji Kawu. "Kar ka ƙulle gwiwa, ka ɗan sake ta yadda ido ba zai gani ba. Ka yi ta motsa yatsun ƙafa cikin takalmi, jini ya riƙa hawa. Kuma kar ka fita da cikinka wayam, ko burodi ne ka tura. Masu faɗuwa dogaye ne da masu tsananin gaskiya, waɗanda in an ce su ƙame sai su ƙame har ƙashi. Ka gaya wa 'yan'uwanka, ka ji?"

"To, Kawu."

Ka ce "to". Kada ka gaya wa kowa.

Na daɗe ina juya wannan wuri a raina. Wanda ya san maganin abu ya yi shiru, ƙarya ya yi? Bai faɗi komai ba, balle a ce ya faɗi abin da ba haka ba. Cuta ya yi? Ba shi ya kunna rana ba. Na tambayi masu ilimi, kowa ya ba ni amsa mai tsawo, kuma na lura tsawon amsar na ƙaruwa ne daidai da yawan abin da mai amsar ya taɓa yin shiru a kai. Kai dai ka ci gaba zuwa mataki na gaba.

Mataki na 5: Cikin dokokin Saje biyu, haddace mai amfani

A daji Saje yakan ce soja ba ya barin ɗan'uwansa a baya. A filin fareti kuma yakan ce, "In na gefenka ya faɗi, ba ruwanka. Akwai masu ɗauka. Idonka gaba."

Wani mai rawar kai daga sahun baya ya taɓa tambaya, "Saje, ko abokinka ne?"

"Ko kakarka ce ta faɗi da tulun ruwa. Fito ka yi mini tsallen kwaɗo, tun da kana da tambaya."

Dokokin nan biyu daga baki ɗaya suka fito, kuma Saje bai taɓa zama ya sulhunta su ba. Ba aikinka ba ne ka sulhunta masa. Ka duba wacce ake amfani da ita a inda kanar yake.

Mataki na 6: Kai kakinka a makare

Safiyar fareti, ba kafin nan ba. Ka ce ka manta, ka dafe kai, ka zagi kanka a gabansa. Sitaci ya isa shagon baban Turke da kaki a dunƙule, ana ta hura gawayin dutsen guga.

"Haba Sitaci, yanzu?"

"Bar shi kawai, zan sa shi a haka. Ni dama ba sa rai nake da komai ba."

"Kawo nan."

Turke ya fara da na abokinsa, tun dutse na da zafi sosai, ya fitar masa da karin da zai iya yanka albasa. Sannan ya yi nasa a gurguje. Innarsa ta biyo shi har bakin titi da kofin shayi da burodi a hannu.

"Ɗan nan, ko kurɓi ɗaya."

"Inna, zai zubo mini a riga. In an tashi zan sha."

Sitaci kuwa ya riga ya cika cikinsa tun a gida, a tsaye, da tawul a ƙirji.

Mataki na 7: Kada ka motsa

Kanar ya makara, kamar yadda ya dace da kanar. Rana ta hau. Iyaye sun cika rumfa suna fifita da takardun shiri. Aka yi jawabi, aka yi godiyar jawabi. Sitaci na tsaye kamar an dasa shi, yatsunsa goma na ta rawa cikin takalmi ba mai gani. A gefensa Turke ya ƙame da gaske, gwiwa a ƙulle, ciki wayam.

Badujala ta ɗauka, kanar ya taso daga rumfa da Saje a bayansa, suka nufo sahun gaba. A lokacin ne Turke ya yi magana ta gefen baki.

"Sitaci. Ƙasa na juyawa."

Ga jarrabawarka ta gaskiya. Maganin na bakinka, kalmomi kaɗan ne. Kafaɗarka ma ta isa, in ka ɗan jingina masa ita. Amma magana a sahu laifi ce, jingina kuma motsi ce, kanar kuwa ya kusa har kana ganin furfurar gashin bakinsa. Idonka gaba.

Turke ya yi tangaɗi ya karkato hagu, wajen Sitaci, har hannun rigarsu ya kusa haɗuwa. Sai ya miƙe da ƙyar, ya tafi gaba ɗaya ta fuska, hannuwansa manne da cinya yadda aka koya masa. Filin busasshe ne. Har a rumfa an ji ƙarar, kuma an ji wata mata ta kira sunan Allah. Masu ɗauka suka rugo suka kwashe shi. Ɗigon jini ya sauka a hancin takalmin Sitaci, ya zauna a kan ƙyallin.

Kanar ya tsaya a gabansa, ya dube shi daga hula zuwa ƙasa.

"Babban abokinsa ne ya faɗi, yallaɓai," in ji Saje a hankali. "Ko ƙiftawa bai yi ba."

"Wannan shi ne soja," in ji kanar. Ya taɓa karin rigar da ɗan yatsa. "Wa ya yi maka guga?"

"A gida aka yi, yallaɓai."

Lura da kyawun amsar. Bai ce gidan wa ba.

Mataki na 8: Je ka dubiya, amma bar sandar a gida

Dole ka je, mutane na kallo. Sitaci ya bar sandar rataye a falo, inda Kawu ya dube ta ya tambaya, "Dogon nan bai san dabarar yatsu ba?" Sannan ya koma kan rediyonsa, bai taɓa sandar ba.

A shago Sitaci ya tarar da Turke tsaye bayan tebur yana goge rigar wani, leɓe a ɗinke, haƙoran gaba biyu babu. Baban ya ɗago daga bahon wanki.

"A'a, ga hafsa. A ba hafsa kujera mana."

"Baba, ni ne fa, Sitaci."

"Ai na gane ka. Kakinka ya fi ka zuwa shagon nan."

Sitaci ya matsa kusa da tebur. Ya shirya jawabi tun a hanya, a kan doka da horo da yadda zuciyarsa ta yi a lokacin. Turke bai bar shi ya fara ba.

"Na taya ka murna," ya ce, iska na fita ta gurbin haƙoran. "Kar ka damu. Ka san da jirin ya zo, ta wajenka na fara tafiya. Na ce Sitaci zai tare ni." Ya juya rigar, ya yayyafa mata ruwa. "Sai na ga karin hannun rigarka. Na sha wuya a kansa. Na ce kar in ɓata aikina."

Ya dangwara dutsen, tururi ya tashi. Babu alamar gatse a fuskarsa, kuma abin da ya hana Sitaci sakat ke nan har yau. Da zagi ne, da ya san inda zai ajiye shi.

In ka kai nan, ka gama. Ka yi sallama, ka fita bayanka a miƙe. Kada ka kawo guga shagon kuma, ko an ce maka wuta ɗaya ce.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin sanda, kuma sanda kaɗai. Ba ya ɗaukar alhakin haƙori, ko leɓe, ko aboki, ko kawun da ya daina tambayarka labarin makaranta. Ba ruwansa idan ka wayi gari yatsun ƙafarka sun ƙi daina motsi, a layin asibiti, a gaban surukai, a duk inda aka ce mutum ya tsaya shiru. Haka kuma ba shi da iko a kan wanda jagorar za ta faɗa hannunsa. A makarantar hafsoshi kowa zakaran wata ƙungiya ne, kowa da sandarsa a falon gidansu. Ranar da ƙasa ta fara juya maka, kana iya raɗa wa na gefenka. Ka dai sani cewa shi ma ya karanta har mataki na bakwai.